Shin Larura Tana Halatta Cin Amana? Darasi Daga Wani Wasan Kwaikwayo Na Koriya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ɗora wa ɗan Adam nauyin amana bayan sammai da ƙasa da duwatsu sun ji tsoron ɗaukarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya taso ne daga wata gardama da samari kan yi a majalisunsu, a ƙasar Gaya da Ajingi kamar yadda ake yi a sauran garuruwa, a kan wani wasan kwaikwayo na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Squid Game. Mai yiwuwa ne wani dattijo ya ce, ina ruwan filin addini da wasan mutanen Koriya? Amsa ita ce, wasan ya riga ya shigo gida. A da sai mutum ya hau mota ya bi ta Wudil ya shiga Kano kafin ya ga sinima. Yanzu kuwa yaro kan kai wayarsa shagon masu tura fim a bakin tasha, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a zuba masa abin da zai kwana yana kallo. Ga kuma masu fassara, waɗanda suka fara sana'arsu a Kano da finafinan Indiya, sun iya ɗora muryar Hausa a bakin mutanen nesa, har ɗan Koriya ya riƙa magana kamar a Fagge aka haife shi. Abin da aka ji da harshen uwa kuwa ya fi saurin zama a zuciya. Saboda haka idan wasa ya bar wa yaro tambaya ta halal da haram, wajibi ne a ba shi amsa daga inda ake samun amsa.

Wani mutum mai suna Hwang Dong-hyuk ne ya tsara wasan, kamfanin Netflix ya fito da kashi na farko ranar 17 ga Satumba, 2021, a cikin fitowa 9. Kashi na biyu ya biyo baya a Disamba 2024, na uku a Yuni 2025, amma maganar yau a kan na farko take. Labarin shi ne, an tara mutum 456 waɗanda bashi ya yi wa katutu, aka kai su wani tsibiri, aka ce za su yi wasannin yara guda 6, wanda ya kai ƙarshe zai kwashi kuɗin ƙasar, watau won, har biliyan 45 da miliyan 600. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, duk wanda ya faɗi a wasa harbe shi za a yi, kuma kowane rai da ya fita ana zuba won miliyan 100 a cikin wani ƙaton asusu na gilashi da aka rataye a bisa kawunansu. A wasan farko kaɗai mutum 255 suka halaka. Sauran 201 suka jefa ƙuri'a, masu son a daina suka rinjaya da mutum ɗaya tak, aka sallame su. Da suka koma gida suka tarar da masu bin bashi na nan suna jira, sai 187 daga cikinsu suka sake dawowa da ƙafafunsu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a bukace shi a gaba.

A cikin waɗanda suka dawo akwai Ali Abdul, mai lamba 199, ɗan ƙasar Pakistan wanda ya je ci-rani Koriya, yana da mata da jariri. Mai masana'antar da yake yi wa aiki ya riƙe masa albashin wata shida. Mutum ne mai ƙarfi, mai ladabi, mai saurin yarda da mutane. Shi ne ya cafko rigar Gi-hun, tauraron wasan, lokacin da ya yi tuntuɓe a wasan farko, ya riƙe shi har haɗarin ya wuce, alhali kuwa bai san shi ba. Akwai kuma Sang-woo, mai lamba 218, wanda ya yi karatu a babbar jami'ar birnin Seoul, unguwarsu duka tana alfahari da shi, uwarsa mai sayar da kifi tana tsammani yana can ƙasar waje a bakin aiki. Daren da aka sallame su Sang-woo ya ba Ali aron waya, ya kuma ba shi kuɗin mota don kada ya tafi gida a ƙasa. Tun daga ran nan Ali ya ɗauke shi uban gida, har Sang-woo ya ce masa ya bar kiransa maigida, ya riƙa ce masa yaya.

Da aka zo wasa na huɗu sai aka ce kowa ya zaɓi abokin tafiya. Kowa ya kama hannun wanda ya fi amincewa da shi, suna zaton tare za su kara da waɗansu. Sai da aka gama zaɓe aka ba kowa 'yan ƙwallayen gilashi guda 10, aka ce da abokinka za ka kara, cikin minti 30, wanda ya kwashe na ɗan'uwansa shi ya tsira. Ali bai san wasan ba, Sang-woo ne ya koya masa: mutum ya dunƙule ƙwallaye a hannu, abokinsa ya canka ko adadinsu cika ne ko mara. Sai ga ɗan koyo yana ta cinyewa, har ya rage wa Sang-woo guda ɗaya. Ya yi faɗa, ya yi zargin maguɗi, ya durƙusa ya yi magiya da sunan uwarsa. Daga bisani ya ce ya gano dabarar da za su tsira su biyu. Ya ce wa Ali ya zagaya ya dubo masa sauran 'yan wasa, ya karɓi jakar ƙwallayensa wai zai ɗaura mata igiya don kada a fizge, ya rataya masa a wuya. Ali ya tafi. Da lokaci ya ƙare ya buɗe jakar, sai ya ga tsakuwa. Yana kiran yaya, yaya, aka harbe shi.

To, a nan ne gardama take. Wani saurayi ya ce Sang-woo azzalumi ne, maci amana. Wani ya ce a'a, ai larura ce, ko shi ko Ali, kuma malamai da kansu sun ce larura tana halatta abin da aka hana. Ya ƙara da cewa duk mai zaginsa, in aka ɗora masa bindiga a ka, abin da zai yi ke nan. Wannan magana ta biyu ita ce mai haɗari, domin rabinta gaskiya ce.

Iyakar larura

Lalle shari'a ta san rauni na ɗan Adam, ba ta kuwa ɗora masa abin da ba zai iya ba. Wanda yunwa za ta kashe an yarda masa ya ci mushe gwargwadon abin da zai tsayar da ransa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 173. Wanda aka tilasta da azaba ya furta kalmar kafirci, alhali zuciyarsa na natse da imani, babu laifi a kansa. Wannan ya zo a Suratun Nahli aya ta 106, malaman tafsiri kuwa sun ce ta sauka ne a kan Ammaru ɗan Yasir, Allah ya ƙara masa yarda, wanda aka kashe iyayensa a Makka, shi kuma aka gana masa azaba har ya faɗi abin da mushirikai suke so. Idan har kalmar kafirci ta sami rangwame saboda tsoron mutuwa, mai karatu zai ga cewa ƙofar sauƙi a Musulunci ba ƙarama ba ce.

Amma a lura da abin da waɗannan misalai suka yi tarayya a cikinsa. Cin mushe da furta kalma haƙƙin Allah ne, shi kuwa Mawadaci ne, ya yafe haƙƙinsa ga bawan da ya matsu. Jinin wani bawa daban ne. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka ce masa ya kashe wane ko a kashe shi, bai halatta ya kashe ba, sai dai ya yi haƙuri da abin da ya same shi. Imam Ƙurɗubi ya ambaci wannan haɗuwa tasu a tafsirinsa, a ƙarƙashin ita wannan aya ta Ammaru. Dalili kuwa a fili yake: ran mai tilastuwa bai fi ran wancan daraja ba, babu kuma wanda aka ba ikon ya fanshi kansa da ran ɗan'uwansa. Inda suka saɓa shi ne wurin hukuncin duniya. Imam Abu Hanifa yana ganin ƙisasi na kan wanda ya tilasta, wanda aka tilasta kuwa ya yi zunubi amma ba a kashe shi. A mazhabar Imam Malik, wadda ita ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ƙisasi yana hawa kansu su biyu.

Imam Gazali ya kawo wani misali a littafinsa na usulu mai suna Mustasfa, wanda ya yi kama da wannan wasa ƙwarai. Ya ce a ƙaddara mutane suna cikin jirgin ruwa, jirgin zai nutse sai in an jefa ɗaya daga cikinsu a teku. Ya ce bai halatta a jefa shi ba, ko da ƙuri'a aka yi. Haka kuma mutanen da yunwa ta kama a daji, ba su da ikon su yanka ɗayansu don sauran su rayu. Abin mamaki, irin wannan ya auku a zahiri a shekarar 1884, sa'ad da wani ƙaramin jirgin Ingila mai suna Mignonette ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa Ostareliya. Mutum 4 suka tsira a cikin kwalekwale, bayan kusan kwana 20 a teku, abinci ya ƙare, biyu daga cikinsu suka yanka yaron jirgin, ɗan shekara 17, suka ci. Da aka cece su aka kai su gaban alƙalan Ingila, suka kawo hanzarin larura, alƙalai suka ƙi karɓa, suka yanke musu hukuncin kisa, ko da yake daga baya an sassauta ya koma ɗaurin wata 6. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ita ma ta karɓi uzurin tilas a laifuffuka da yawa, amma ta cire kisan kai daga ciki. Watau abin da malaman Musulunci suka tabbatar tun da daɗewa, hankalin sauran al'ummai ma a nan ya tsaya.

Sai mai kare Sang-woo ya ce, ai ba shi ya harba bindiga ba, masu gadi ne. Wannan ma malamai ba su bar shi ba. Sun raba tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, suka nuna wuraren da sanadi yake ɗaukar hukuncin aiki. Imam Malik yana ganin wanda ya riƙe mutum domin wani ya kashe shi, yana kuwa sane da nufin mai kisan, to shi ma ana kashe shi. Wanda ya musanya ƙwallaye da tsakuwa ya san sarai abin da zai biyo baya nan da 'yan mintoci. Ba ana nufin a zaunar da kotu a kan mutumin da babu shi sai a cikin wasa ba. Ana so ne yaron da ya kalla ya san sunan abin da ya gani.

Kuma tilas ɗin nan da ake ta ambata, ina ya samo asali? An riga an faɗa cewa an buɗe musu ƙofa sun fita, suka dawo da kansu bayan sun ga gawawwaki da idanunsu. A ƙuri'ar da aka jefa ma Sang-woo yana cikin masu son a ci gaba. Wanda ya san rijiya ce ya kuma faɗa, ba ya cewa ƙafa ce ta zame. Da yawa daga malamai, cikinsu har da Imam Shafi'i, sun ce wanda ya fita tafiya don saɓon Allah ba ya cin moriyar rangwamen matafiyi, to ina ga wanda ya sa hannu a takarda cewa zai nemi dukiyar da ba ta taruwa sai da mutuwar abokansa?

Dabara da yaudara

Akwai wata magana da akan ji a bakin masu wayo, cewa ai hadisi ya ce yaƙi ɗan zamba ne. Gaskiya ne ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda da dabara a fagen fama: a ɓoye wa maƙiyi hanya, a nuna masa gabas a bi yamma. Amma wannan tsakaninka ne da wanda ya san kai maƙiyinsa ne, yana tsaron kansa daga gare ka. Da zarar ka ba mutum aminci, ya saki jiki, ya ajiye makaminsa saboda maganarka, to dabara ta ƙare, abin da ya rage sunansa yaudara. Suratul Anfali aya ta 58 ta umarci Annabi cewa in ya ji tsoron ha'inci daga mutanen da ke da alkawari da shi, ya sanar da su a fili cewa alkawari ya warware, kafin ya ɗauki wani mataki. Wannan fa ga maƙiyi ke nan.

A duba abin da ya sami Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun kama su a hanya gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, ba su sake su ba sai da suka yi alkawari cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka zo suka ba shi labari. Ran nan Musulmi ɗari uku ne da 'yan kai, abokan gaba kuwa wajen dubu, kowane takobi ana bukatarsa. Duk da haka ya ce su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Imam Muslim ya ruwaito wannan. Haka kuma daren hijira, mutanen da suka kewaye gidansa da takubba, a cikin garinsu akwai masu ajiya a wurinsa, sai ya bar Sayyidina Aliyu a baya don ya mayar wa kowa kayansa. In da akwai larurar da ke halatta cin amana, ai da waɗannan wurare biyu sun fi cancanta da ita.

Ƙasar Gaya ma tana da nata labari a kan wannan. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarkin Kano Dadi, wanda ya yi sarauta daga 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya mai suna Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara 3 bai kai jangali ba. Sarki bai fita da runduna ya kama shi ba. Lallashinsa ya yi har ya zo ganawa, sa'an nan ya kashe shi. Ko wane ne mai gaskiya a rigimar jangali, wannan ya wuce, Allah ne zai yi musu hisabi. Abin lura shi ne, yau fiye da shekara 300, marubucin bai adana dalilan Sarki ba, amma ya adana yadda aka yi kisan. Hadisi ya inganta a wurin Buhari da Muslim cewa ranar alƙiyama kowane mayaudari za a kafa masa tuta, a yi shela cewa ga yaudarar wane. Ga alama tun a duniya akan fara ɗinka ta.

Abin da ya sa mutuwar Ali ta fi ta sauran ɗaruruwan ciwo ga masu kallo shi ne, da alherin da aka yi masa aka kama shi. Kuɗin motar nan da kalmar yaya su ne igiyar. Da baƙo ne ya ce masa kawo jakarka, da bai bayar ba.

Tun kafin tsibiri

Kuskure ne a ɗauka cewa Sang-woo mutumin kirki ne wanda tsoro ya canja a cikin minti 30. Mai tsara wasan ya nuna cewa tun a waje ya ɗebi kuɗin mutanen da suka ba kamfaninsu amana ya zuba a cinikin da ya rushe, ya kuma jinginar da gidan uwarsa da shagonta ba da saninta ba. A wasa na biyu, na fitar da siffa daga cikin alewar sukari da allura, ya gane abin da za a yi tun ba a faɗa ba, ya zaɓi siffa mai sauƙi, ya ga abokinsa na ƙuruciya Gi-hun ya nufi siffar laima wadda ta fi kowacce wuya, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Bayan Ali kuma ya tunkuɗa wani daga kan gadar gilashi, ya yanka yarinyar da ta riga ta ji rauni. Kowane mataki ya fi na bayansa sauƙi a gare shi.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Annabi yakan yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa mutum in bashi ya kama shi yakan yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Waɗannan biyu kuwa, in aka haɗa su da cin amana, su ne alamomin munafuki guda 3 da suka zo a hadisi. Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ta hana caca, ta kuma faɗi abin da Shaiɗan ke nema da ita, watau ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane. Shi kansa Gi-hun da katin bankin uwarsa ya je cacar sukuwar dawaki a farkon labari. Wasan nan tun daga farkonsa har ƙarshe kamar sharhi ne a kan waɗannan nassoshi, ko da yake mai tsara shi bai nufi haka ba.

Babu tsibiri a ƙasar Gaya, babu masu jajayen kaya da bindiga, amma jakar tsakuwa tana nan. Saurayi yana ci-rani a Ikko ko Fatakwal, ya tara abin da ya tara da turin baro ko ɗinkin takalma, ya ga ɗan garinsu zai tafi gida Kademi ko Toranke, ya damƙa masa kuɗi ya kai wa tsohuwa ta sayi taki kafin ruwa ya sauka. Ɗan aike ya iso da tasa matsalar, mai bin bashi na tsaye a ƙofa, ya ce a ransa bari in toshe wannan, kafin kaka na mayar. Shi ma larura ya kira ta. Malaman Malikiyya sun yi bayanin ajiya dalla-dalla. In ta ɓace ba da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa a kansa. In kuɗi ne ya ranta wa kansa ba da izini ba, alhali yana da abin biya, makaruhi ne, kuma ramuwa ta hau kansa. In kuwa ba shi da abin biya, to haramun ne ya taɓa. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: wanda ya fi matsuwa shi aka fi hanawa, domin shi ne wanda in ya ci ba za ta dawo ba. Wannan ya saɓa wa yadda mutane suke lissafi, su da suke ganin talauci shi ne lasisi.

Hakanan baffan da ke riƙe da gonar marayu, da uwar adashi, da wanda aka ba kiwon tumaki. Hakanan mai gona da ya sa 'yan ƙwadago suka yini suna noma, magariba ta yi ya ce su dawo jibi. Shi wannan ya tuna da mai masana'antar da ya riƙe albashin Ali, domin shi ne farkon wanda ya tura shi tsibirin. Buhari ya ruwaito cewa mutum 3 Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, biyu daga cikinsu su ne wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yaudara, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama more aikinsa ya hana shi lada.

Akwai kuma sabon salo. Sa'ad da tsarin nan na MMM ya rufe asusun mutane a Disamba 2016, da sa'ad da CBEX ya rushe a Afrilu 2025, mutane da yawa a Nijeriya sun yi asara. Irin wannan tsari ba ya tafiya sai an ba wanda ya kawo wani lada, don haka galibi ba baƙo ne ke jawo mutum ba, amininsa ne ko ɗan'uwansa. Wanda ya shiga cikin jahilci ya jawo wani cikin jahilci, lamarinsa da sauƙi. Amma wanda ya fara jin ƙaurin rushewa, ya ci gaba da kiran mutane domin kuɗinsu ya fitar da nasa, ba shi da bambanci da mai ɗaura wa Ali igiya a wuya. Shagunan cacar ƙwallo da Hukumar Hisba ta Kano ta rufe a 2024 su ma ƙofa ce ta wannan gida, ga shi kuwa yanzu cacar ta koma cikin waya inda ba a sa mata kwaɗo.

Adalci ne a faɗi cewa ba Sang-woo kaɗai ya zame a wasan ƙwallaye ba. Gi-hun, wanda masu kallo ke so, da ya ga tsohon da yake wasa da shi yana mantuwa, sai ya riƙa yi masa ƙarya yana kwashe ƙwallayensa. Daga baya ta bayyana tsohon yana sane, har ma shi ne mai wasan gaba ɗaya, amma wannan bai wanke niyyar Gi-hun ba, tun da a lokacin da ya yi ƙaryar bai san haka ba. Bambancinsu shi ne ɗaya ya yi kuka ya tsaya, har a wasan ƙarshe ya ƙi kashe abokinsa ya nemi a bar kuɗin, ɗayan kuwa ya ci gaba yana kafa wa kansa hujja. Akwai kuma yarinyar da ta saki ƙwallonta da gangan don abokiyarta mai ƙane a gidan marayu ta wuce. Suratul Hashri aya ta 9 ta yabi mutanen Madina da fifita waɗansu a kan kansu ko da suna cikin bukata. Wannan hali ko a wurin wa aka gan shi abin yabo ne. Kada dai a haɗa shi da abin da Sang-woo ya yi a ƙarshe, da ya soka wa kansa wuƙa, domin kashe kai haramun ne, ba ya kuma zama kaffarar kisan wani.

Game da kallon wasan kansa, magana gajeriya ce. Cike yake da zubar da jini, akwai kuma wurin da aka nuna alfasha, masu shi ma sun ce na manya ne. Fassara da Hausa ba ta tsarkake hoto, barkwancin mai fassara kuwa yakan sa yaro ya yi dariya a inda ya kamata gabansa ya faɗi. Uban da ya saya wa ɗansa waya, abin da ke cikinta yana cikin kiwon da za a tambaye shi.

Saura tambayar wanda ya riga ya ci amana, yana so ya tuba. Malamai sun ce tuba daga zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tana da sharaɗi 3: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. In akwai haƙƙin mutum sai a ƙara na huɗu, watau ya mayar da abin ga mai shi ko ya nemi yafewarsa. In mai shi ya rasu a ba magadansa. In an neme su iyakar ƙoƙari ba a same su ba, a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare shi. Ba a gina masallaci da kuɗin marayu alhali marayun na nan a gari ana ganinsu. Wanda kuma aka ci amanarsa, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya hana shi ramawa da irinta. Yana da ikon ya kai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci ko alƙali, ya kawo shaidunsa, ya karɓi haƙƙinsa a fili.

A ƙarshen kashi na farko Gi-hun ya koma gida da kuɗin ya tarar uwarsa ta rasu ita kaɗai a ɗaki. Ya shekara bai taɓa dukiyar ba. Daga baya ya ɗauko ƙanen yarinyar nan da aka yanka daga gidan marayu, ya kai shi wurin uwar Sang-woo, ya bar musu akwati cike da kuɗi. Matar Ali da jaririnsa kuwa, waɗanda ya sallama su koma Pakistan da alkawarin zai biyo su, ba a nuna wani ya je nemansu ba, alhali won miliyan 100 na cikin asusun kuɗin jinin mijinta ne. Allah shi ne mafi sani.